Ɗan Dutsen Niƙa da Muka Mayar Kufai

Mun tashi da asuba daga Bebeji, ni da gwaggona, da ɗan dutsen niƙa ƙunshe a tsumma cikin ƙwarya. Bari in faɗi dalili tun yanzu, ba na son kwana-kwana. 'Yar gwaggon nan, yarinya mai surutu kamar aku, ta bi uwarta biki Burumburum, suka shiga wani kufai tsintar kanya da yaran gari, ta ɗauko dutsen ta zo da shi gida. Tun ranar bakinta ya rufe. Abinci ma sai an ɗura mata kunu. Sai dai ta durƙusa a tsakar gida tana tura hannu gaba tana janyowa kamar mai niƙa, alhali babu komai a gabanta. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Tsofaffi suka ce a mayar wa masu abu abinsu.

Ni cewa na yi a kai ta asibiti Kano. Gwaggo ta ce, "To Malama, tunda makarantarku ta cire miki tsoro, sai ki raka ni."

A ƙafa muka fito bakin titi, muka sami wata babbar mota mai bodin katako da za ta ɗauko gyaɗa a kudu. Direban ya yanka mana kuɗi kamar zai kai mu Makka, gwaggo ta yi ta ciniki har ya gaji ya rage sisi. Hanyar kuwa ba a magana: rami ya miƙa ka ga rami, ga wani bunsuru da ya zaɓi gefen zanena ya yi kalaci da shi. Ta ƙasar Ƙiru duk an yanke dawa, dami jingine a gonaki. A Tudun Wada muka sha fura da nono wajen wata Bafillatana, mai kauri, ba irin tsararon da ake sayar mana a birni ba. Da ta ji inda za mu, sai ta ɗauke ƙwaryarta ta matsa gaba, ko sallama.

Daga Burumburum muka yanki daji, duwatsun wajen Doguwa na hangen mu daga nesa. Rana na tsaka muka isa. Mutanen Burumburum sun ce agana ce ta tashi garin tun zamanin kakanni. Ganuwar ta zube, sai guntaye kamar haƙoran tsohuwa. Abin da na fara lura da shi, shiru. Ko kukan kurciya babu. Sawun shanu ya zo har bakin ƙofa, ya karkata, ya kewaye.

Gwaggo ta tuɓe takalmanta ta ajiye. "Cire naki. Gidan mutane ne."

Na ce, "Gwaggo, gidan ƙaya dai." Na shige da takalmana na makaranta.

Muka wuce ramukan marina da suka bushe, da wata kuka da ta tsage biyu. Zaure ɗaya ne tsaye, azararsa ta yi baƙi. A gabansa akwai fili kamar faɗin tabarma uku, fes, ko tsinke babu, ga ciyawa ta kai gwiwa ko'ina a kewaye. Gwaggo ta yi sallama, ta raɓa ta gefe. Ni na gaji, na ratsa ta tsakiya.

Uwar dutsen na bayan zauren. Komai na wurin ƙasa ta binne shi, amma samanta sumul, har da ƙyalli, kamar yau aka tashi daga kanta. Gwaggo ta durƙusa ta ɗora ɗan a kai, ya zauna daram. Ta ce, "Ga kayanku. Yarinya ce, ba ta sani ba. Ku sakar mini ita." Ta kama hannuna. "Kada ki waiwaya."

Ba mu kai ƙofa ba na ji shi a bayanmu. Gurr, gurr. Duk macen da ta taɓa niƙa ta san wannan ƙara. Babu iska, kuma na san mu kaɗai muka shiga. Ban waiwaya ba, kuma ba don biyayya ba.

Mun kwana wajen dangi a Burumburum, washegari da la'asar muka iso gida. Muka tarar da yarinyar zaune da kwanon dambu, tana ci hannu baka hannu ƙwarya. Ta ce, "Inna, kun daɗe." Gwaggo ta zauna a ƙasa tana kuka. Sai yarinyar ta dubi ƙafafuna.

"Yaya, tsohuwar ta ce kin taka mata shanyar gero da takalmi."

Ba wanda ya riga mu isowa, kuma ba mu faɗa wa kowa komai ba tukuna.

Har gobe ina nan kan bakana, mara lafiya a kai shi asibiti. Amma tafiyar nan ta koya mini cewa don ba ka ga mai gida ba, ba shi ne gidan ba kowa ba. Takalman suna nan bayan ɗaki inda na tuɓe su. Na duba ƙasansu sau ɗaya. Ƙwayoyin gero ne maƙale a ɗinkin.