Baba Sidi, Mai Sa Teku a Kaset ɗin Biki

Ina ɗaukar bidiyon suna a unguwar Maamobi ƙanena ya zo ya raɗa mini cewa Baba Sidi ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ajiye kyamara ba sai da aka shafa fatiha, don shi ya koya mini ba a barin aikin mutane a rabi.

Baba Sidi ɗan Zongon Keta ne, wani gari a bakin teku. Da teku ta ci gidan mahaifinsa ya dawo nan unguwar Nima, ya kama ɗaukar bidiyon biki. Ni ban yi nisa a boko ba, a hannunsa na koyi sana'a.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ja masa faɗa. Duk kaset ɗin bikin da ya haɗa, in rawa ta ƙare, sai ya cike ragowar da hoton Keta: ruwa na dukan bangon masallaci, ya doshi maƙabarta, muryarsa na kiran sunayen waɗanda ke kwance. Kaburburanmu ba rubutu, shi ya san wane na ina. Burinsa mutanen zango su tashi a mayar da iyayen nan tudu kafin ruwa ya iso.

Wasu dattawa suka ce ƙaddara ce. Ya ce, "Na yarda. Amma ƙaddara ce ke kwasar yashin bakin teku a tifa?"

Hajiya Memuna mai atamfa ta taɓa zuwa shago a fusace. Surukanta na kallon bikin 'yarta, sai ga kaburbura. Ta ce ya goge, ya ƙi.

"Hajiya, koma ki kalla har ƙarshe. Wanda ke gindin kwakwa kakanki ne."

Da ta kalla, ita ta samo motar da ta kai mu Keta, da izinin liman. Muka kwashe na bakin ruwa. Kabarin mahaifin Baba na can ciki, nesa da ruwa, ya ce a fara da na mutane. Bai ga ranar ɗauke shi ba, yanzu kuma ruwa ya kusa.

Na san wurin, ya nuna mini. Kaset ɗin sunan nan na Maamobi ma na sa Keta a ƙarshensa. Mai faɗa ya same ni a shago.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Inna Ladi da yara haƙurin rashi. Mu kuma Ya ba mu ikon kai mahaifinsa tudu. Amin.