Baba Gaba-ko-baya ya bar mararraba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, Allah ya yi wa tsohon ma'aikacin tasharmu rasuwa, wanda kowa ya sani da Baba Gaba-ko-baya. Ya yi jinyar kwana huɗu. Ni ne shugaban tashar, kuma akwai abin da nake so in faɗa a bainar jama'a.

Baba, ka kama aiki tun tashar nan tana rumfar kwano ɗaya da layi ɗaya. A gabanka aka shimfiɗa layin gabas, sai wurin ya zama mararraba: jirgi ya iso, a kwance ƙugiyar da ke haɗa taragu a tsakiyarsa, taragun gaba su yi arewa, na baya su jira wani kan jirgin ya ja su gabas. Wanda ya zauna a taragon da ba nasa ba, sai dai ya ga kansa a garin da bai san kowa ba. Aikinka ke nan shekara talatin da takwas, kana bin taragu kana leƙa taga kana tambaya, “Gaba ko baya?” Har sunanka na yanka ya ɓace mana.

Gari ya girma ya kewaye tashar. Dandamali ya zama shida, aka yi gadar sama, aka kafa lasifika, daga baya aka rataye allon lantarki. Duk lokacin da aka kawo sabon abu sai a ce aikinka ya ƙare, kai kuma ka ce, “Allon nan ya iya ɗaukar wa tsohuwa ƙunshinta?” Ka yi ritaya amma ba ka fasa zuwa ba, kuma ba ka taɓa karɓar ko ruwan sha a hannun matafiyi ba. Mahaifiyata ma, da ba ta karatu, kai ka sauko da ita daga taragon arewa ana saura minti biyu, tana ta yi maka faɗa wai ta riga ta samu wurin taga.

Bara aka sa ƙofofin ƙarfe, aka ce ba mai shiga dandamali sai mai tikiti ko ma'aikaci. Ni na kira ka ofis na gaya maka. Ina da ikon nema maka izini, ban nema ba, don ina tsoron a ce tashata ba ta ci gaba ba, har yanzu da tsoho take aiki. Ka ce, “To, ranka ya daɗe, doka ce.” Washegari sai ga ka a bayan shinge, daidai inda ake kwance ƙugiya, kana ɗaga murya ta tsakanin ƙarafa. Wata goma sha ɗaya kana nan, rana da ruwa. Kullum ina hango ka ta tagar ofis ina cewa gobe zan gyara. Kunya ta hana ni zuwa, girman kai ya hana ni aikawa.

Bayan jana'iza 'yarka ta fari ta ce ka bar mini saƙo. Na ɗauka ranar jin laifina ce ta zo. Ta ce, “Yallaɓai, Baba ya ce a gaya maka, tun da aka ƙara wa jirgin la'asar tarago, na biyar ya koma rukunin gaba, amma allo yana nan yana cewa gabas. Ya ce don Allah a gyara, shi ba zai samu fitowa ba.”

Na koma na duba. Haka ne. Kwana goma allon yana ɓatar da mutane, kai kana tare su daga bayan shinge. A kwana huɗun da ka kwanta, matafiya bakwai muka kai arewa ba da nufinsu ba. An gyara allon, Baba. Yafiyar da ya kamata in nema kana da rai, yanzu a wurin iyalanka nake neman ta.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa yadda ka shiryar da bayinsa hanya ya zama sanadin shigarka Aljanna. Ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka, Allah ya ba su haƙurin rashi, ya albarkaci bayanka. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.