Babban Yatsan Inna

Tana zaune a ofishin noter, mutumin da cinikin gida ba ya tabbata a Lome sai da hatiminsa. Ni ma layi nake jira a wurin, ban san ta ba. 'Yar ƙanƙanuwar tsohuwa ce, mayafinta ya koɗe, hannuwanta duk tabon mai, irin na wadda ta tsufa tana suyar ƙosai a Zongo. Ina jin da kaskon nan ta ɗora kowane bulo na gidanta.

Ƙaton da ke kiranta Inna ya damƙe mata wuyan hannu kamar akuyar da za a kai mayanka. Yana murɗawa, yana murmushi. Ɗan banza!

"Hajiya, da yardarki za a sayar?" in ji noter.

Ƙaton ya yi caraf: "Ta yarda, ranka ya daɗe. Inna, dangwala mu tafi."

"Ba kai na tambaya ba."

Ta fizge hannunta, ta cusa babban yatsanta a baki, ta datse shi da haƙori har jini ya gangaro mata a haɓa. Sannan ta miƙa wa ƙaton yatsan, fatarsa a yage.

"Ungo, Zulkifli. Dangwala."

Noter ya mayar da hatiminsa aljihun tebur, ya rufe.