Shagunan da Ban Ƙirga Ba

Abin da na zuba a sabon shagona na unguwar Kwaciri shi ne hayar shekara guda, da firiza sabuwa, da kaya kwali arba'in da na kwaso daga babban shagona na Fagge. Ribar shekara uku ke nan na tattara wuri ɗaya.

Kafin in kama shagon sai da na yi awo yadda na saba. Kwana uku ina zuwa da hantsi, in bi layin a ƙafa daga bakin titi har masallaci. Shagunan kayan masarufi huɗu na samu. Na sayi taliya da sikari a kowanne don in ji farashi. Ɗaya ba ya buɗewa sai bayan azahar, shi sai da na koma masa da yamma. Sauran a Sabon Gari suke sari kamar ni, amma kaɗan-kaɗan suke ɗauka, don haka zan iya fin su sauƙi. Gidajen layin sun kai sittin. Na raba su tsakanin mu biyar, na ga kowa zai ci abinci.

Wata biyu da buɗewa, burodi da ruwan sanyi kawai ke tafiya. Man gyaɗa da gishiri da garin sabulu suna zaune. Na rage farashi, ba abin da ya motsa.

Yayata a layin take aure. Wata Juma'a na shiga gaishe ta, na tarar tana tuƙa tuwo, na ba ta labari.

"Shago nawa ka ce ka ƙirga?"

"Huɗu."

Ta yi dariya har ta ajiye muciya. "Sannu Alhajin lissafi! To ni ka ƙirga ni?"

Ta ɗaga labulen ɗakinta. Ga jarkar mai, ga buhun gishiri, ga sikari ƙulli-ƙulli cike da roba.

"Yaya, har da ke?"

"Mu tara ne a layin nan. Wace mace za ta zura hijabi ta je shagonka saboda man ludayi ɗaya, alhali ana miƙo mata ta katanga?"

Ni namiji ne, a gidajen mutane iyakata zaure. Ko wata guda na yi ina zagaye ba zan gan su ba. Ba sa biyan haya, kuma suna sayar da ƙanƙanin da ni ba zan tsaya aunawa ba.

Na tambayi inda suke sari. Ta ce kowacce adaidaita take hawa zuwa Sabon Gari. Na ce ta gaya musu zan riƙa kawo musu kaya har ƙofa a farashin sari. Shida suka yarda, uku suka ce ba za su bar dilansu ba.

Da shekara ta cika na mayar da mukulli. Kuɗin haya ya tafi, firiza na sayar da ita ƙasa da yadda na saya. Abin da ya rage mini mata shida ne masu ɗaukar kaya duk mako, ribar da nake samu a kansu wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da na sa rai.