Malamar da Ta Yanke Sunanta

Ranar Asabar ba a makaranta, amma Malama Phoebe Ayuba ba ta taɓa yarda da wannan doka ba. Ƙarfe bakwai ta kulle gidanta a Romi, ta hau keke napep zuwa Kakuri, ta karɓi makullin aji a wurin maigadi. Sai ta jingina wayarta da gwangwanin madara a kan tebur, ta gyara murya, ta fuskanci benci talatin da babu kowa a kai. Shekara takwas ke nan tana haka, tun da maigidanta ya rasu, 'ya'yanta biyu kuma aiki ya kai su Abuja da Fatakwal. Shirun gida ya yi mata yawa, ta gwammace shirun aji.

Abin da take naɗa ba ya wuce minti biyu: yadda malamin Turanci zai riƙe yara casa'in ba bulala, ba tsawa. Ta tura a zauren malamai na WhatsApp, ta zauna jira. Wata rana mutum ɗaya ya ɗaga mata babban yatsa. Yawanci ko wannan babu, sai tallan atamfa da wata ta liƙa a ƙarƙashi.

Dabararta da aka fi sani ita ce ta murfin kwalba. Kowane yaro ana ba shi murfi uku. Duk wanda ya yi jimla ɗaya da Turanci sai ya jefa murfi a gwangwani, wanda nasa suka ƙare kuma dole ya kama bakinsa ya saurari wasu. Da haka sarakan surutu suke koyon haƙuri, masu ɓuya a bayan aji kuma murafen su yi ta ƙona musu tafin hannu har su buɗe baki.

Abu ɗaya ne ba ta faɗa a cikin muryoyin nan, shi ne sunanta. Ko gaisuwa ba ta yi, daga "To, malamai" sai aiki. Malama Nkiruka, wadda ajinta ke maƙwabtaka da nata, ta sha yi mata faɗa.

"Haba Mama, ki sa sunanki mana. Ai ba laifi ba ne."

"Ke ba ki san ƙauye ba," in ji ta. "Malamin da sai ya hau tudu yake samun sabis, sunana zai tsaya saukewa?"

Haka muryoyin suka fita ba suna, wannan ya tura wa wancan, ita kuwa ba ta sani ba. A zatonta bango take wa magana.

Bara aka kira taron bita na malaman Turanci. Wani matashi mai suna Kevin, mai horarwa, ya kunna musu murya a lasifika, ya ce, "Ku saurara da kyau, wannan wata farfesa ce, ina jin daga Zariya." Sai ga "To, malamai" ta cika ɗakin. Nkiruka ta yi zumbur za ta miƙe, Malama Phoebe ta riƙe mata hannu. Can gaba wani Malam Isiyaku, da ya zo daga wani ƙauye a Giwa, ya tashi ya ba da shaida. Ya ce yana da ɗaliba, Sumayya, wadda ta shekara a ajinsa bai san muryarta ba, sai ranar da ya damƙa mata murfi uku. Aka tafa wa farfesar Zariya. Malama Phoebe tana layin baya, ita ma ta tafa.

A hanyar komawa, da keken da suka hau ya kusa Romi, Malama Phoebe ta dubi Nkiruka.

"Ashe ana ji," ta ce. "Da mutum ɗaya ya gaya mini, da Asabar ɗin nan ba su yi mini tsawo haka ba."

Da Nkiruka ta ba ni labari, wannan magana ta tsaya mini a rai, don mu malamai mu ne masu jin, mu ne kuma muka yi shiru.

Malama, ke ce kika koya mana sa yaro ya yi magana, mu manya muka kasa ce miki sannu. Ke ce mai aji biyu, ɗaya cike da yara, ɗaya ba ki taɓa ganin fuskar kowa a cikinsa ba, kuma ba ki taɓa makara a ko ɗaya ba. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ƙarshen watan nan za ta cika shekara talatin da biyar a aiki, ta yi ritaya, ta mayar da makullin. Ta gaya wa Nkiruka daga nan ta daina naɗa murya, tunda ba aji, ba kuma wanda ya ce ta ci gaba. Ce mata ta ci gaba kuwa yana hannunmu. Malamai matasa, ku yi koyi da ita: abin da ya yi muku aiki a aji, ku raba wa na nesa. Amma kafin nan, duk mai gwangwanin murafe a kan teburinsa ya shiga zauren ya aika mata murya, ya ce ya ji. In za ka tura darasinta gaba kuma, ka haɗa da abin da ta yanke dominka.

Sunanta Phoebe Ayuba. Faɗinsa bai kai daƙiƙa biyu ba.