Gonar da Shanu Suka Kwana

Lokacin da gyaɗa ke tashe, ni matashin malamin gona ne a Gwarzo, da kekena da wandon kaki, ina ganin ba wanda ya kai ni sanin ƙasa. Aminina ɗaya ne a wurin aiki, wani mutumin Kabo da ya ɗan girme ni, Yaya nake ce masa. Gidajenmu na jere. Kullum da magariba mukan fito da kwanukanmu ƙofar gida mu ci tare, yana tsokanata wai amaryata rowar gishiri take yi.

Shi aka ba gwajin wani sabon irin gyaɗa a Durun. Bayan kaka ya rubuta rahoto cewa sabon irin ya fi na gargajiya nesa ba kusa ba, a raba wa manoma. Ƙa'idar aikinmu ita ce kafin rahoto ya wuce Kano sai wani malamin ya duba shi, kuma ba a bayyana mai dubawar. Shugabanmu ya kira ni ya miƙa mini. Na ce masa mutumin nan aminina ne, a ba wani. Ya ce ba wanda ya san ƙasar Durun kamata, kuma sunana ba zai fita daga ofishinsa ba, ni ma in ja bakina in yi shiru. Yabon ya shige ni, na karɓa.

Da na je Durun sai na ga inda matsalar take. An shuka sabon irin a gonar dagaci, wadda makiyaya ke sauke shanunsu a cikinta duk rani don taki, tsohon irin kuwa a wata jigawa da ta gaji. Ba ha'inci Yaya ya yi ba. Dagaci ne ya karrama baƙo da gonarsa mafi kyau, shi kuma kunya ta hana shi ƙi. Amma ba mai iya cewa irin ne ya yi albarka ko kashin shanu, kuma in aka raba shi bai yi ba, daminar talakawa ce ta tafi. Na rubuta a sake gwajin a ƙasa iri ɗaya. Na ci gaba da cin tuwo da shi, maganar tana cina a rai.

Ranar taron ma'aikata shugaban ya mayar masa da rahoton a gaban kowa, ba tare da ya nuna masa dalilaina ko ya ji ta bakinsa ba. Yaya ya tambayi wanda ya soke aikin. Shugaban, don ya wanke kansa, ya nuna ni. Yaya ya ɗauki rahotonsa ya fita. Da magariba na fito da kwanona, nasa bai fito ba. Abokan aiki suka rage gaisuwa, in na zo inuwa hira ta mutu. Na yi kaɗaicin da ban taɓa sani ba. Ba a jima ba ya nemi canjin wurin aiki, ya kwashe iyalinsa.

Bayan shekaru na ji rasuwarsa, na je Kabo ta'aziyya. Mai ɗakinsa ta gaya mini ta bayan labule cewa ya sha faɗa ina da gaskiya a kan gonar. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ina sa hannu a kwanonsa da wannan magana a cikina.

Shi ya sa nake jan kunnen duk wanda aka ɗora wa rabon aiki irin wannan. Kada ka ba mutum duba aikin amininsa. In ka yi alkawarin rufe suna, ka rufe, kuma ka bar mai aikin ya kare kansa kafin ka yanke hukunci. Kai kuma da aka miƙa wa, in na kusa da kai ne, ka ƙi tun a tsaye. Gyaɗar nan an daina zancenta tuntuni, ni kuwa har yau in aka ajiye mini tuwo a ƙofar gida sai na dubi gefen da yake zama.