Ranar da Kaboyina Ya Koma Shan Zoɓo

Ni fa ba wanda ya koya min rubuta labari. Tsofaffin finafinan kaboyi da nake kallo a waya su suka shiga kaina, har na fara rubuta nawa: wani kaboyi mai faffaɗar hula, dokinsa yana magana, suna bin aljanun da ke sace shanu a hamada. Ina tura wa abokaina, suna ta cewa in ƙara.

Amma wadda na fi so ta karanta ita ce ƙanwata, 'yar aji uku a ƙaramar sakandare. Ita ce mayyar karatu a gidanmu. In ta ce abu ya yi, to ya yi. Sai Mama ta tare hanya.

Ta ce, "Abin da ba za ka iya karanta min da bakinka ba, ba za ka ba ƙanwarka ba. Zo zauna."

Tana ɓare agushi a gindin mangwaro, na jawo benci na fara. Farko lafiya lau. Da kaboyi ya shiga mashaya, inda na cika kwalabe da rantse-rantse da wata mai rawa, sai bakina ya tsallake shafi guda.

"Ya na ji ka yi tsalle?"

"Mama, netiwok ne."

"Netiwok a bakinka?"

Ƙanwata da ke laɓe a kicin ta fashe da dariya.

Na ci gaba. Wajen da kaboyi ya fasa kan wani ɓarawon shanu da harsashi, sai bakina ya sake yin tsalle. Mama ta tsaya da ɓarar ta ce, "Shi wannan ba shi da uwa ne?" Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Amma da na zo kan aljani mai idon wuta, na ce bari in rage, sai ta ce, "A'a, bar shi! Mu ma da tsoron dodo muka girma. To dokin fa, me ya ce?"

Ashe ta shiga labarin!

Duk inda bakina ya yi tsalle, can na gyara. Mashaya ta zama rumfar mai zoɓo. Ɓarawo aka ɗaure shi da igiya aka mai da shi garinsu. Aljanu kuwa, na ɗura wa kaboyi gishirin garin Awe a bindiga, suna taɓa shi suna narkewa. Na sake karanta wa Mama daga farko har ƙarshe, ba tsalle ko ɗaya. Da hannunta ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Yarinyar nan har tuwonta ya huce ba ta ɗago ba. Da ta gama ta ce, "Yaya, kaboyi da zoɓo? Abeg!" Sai ta rungume wayar. "Amma gishirin nan ya yi. Tura min, 'yan ajinmu sai sun gani."